Rauta biyu a gida ɗaya, kowacce tana cewa ita ce 192.168.1.1

Gidan bene ne, ƙasa da sama. A ƙasa akwai rautar da kamfanin intanet suka kawo suka saka, ita ce a haɗe da layin waje. A sama kuma akwai wata da maigidan ya siyo da kansa saboda waifai na ƙasa baya kaiwa ɗakin da yake aiki, sai aka ja kebul daga ƙasa zuwa sama aka jona ta. Kayan da ke kan netwok ɗin ba wasu masu yawa bane, a sama akwai laftof ɗinsa da firinta da wani ɗan akwatin ajiyar fayil da yake zuba takardun aiki a ciki, a ƙasa kuma talabijin da rikodar kyamarorin tsaro, sai wayoyin mutan gida da na duk baƙon da ya shigo aka bashi faswod.

Koken da aka kawo min guda uku ne kuma su a ganinsu matsala uku ce daban daban. Na farko intanet yana ɗaukewa haka kawai, alamar waifai a cike take taf amma ba abinda yake buɗewa, kuma abin haushin shine ba kowa yake ɗauke wa lokaci ɗaya ba, wayar uwargida tana aiki ta ɗansu da ke zaune kusa da ita bata yi, an jima sai abin ya juya. Na biyu kyamarori suna ɓacewa daga manhajar waya, yawanci da yamma. Na uku, wanda maigidan ya faɗa a ƙarshe kamar ba komai bane alhali shi ne ya tona asirin komai, wai idan ya rubuta 192.168.1.1 a brauza wani lokacin shafi mai launin shuɗi yake fito masa wani lokacin kuma wani daban, kuma faswod ɗin da ya shiga da shi jiya yau sai a ce ba daidai bane. Sun kira kamfanin intanet, an duba daga can an ce layi lafiyarsa ƙalau, kuma gaskiya suka faɗa. Maganin da suka saba shine a kashe rautar ƙasa a kunna, sai komai ya dawo na ɗan lokaci, daga baya a koma gidan jiya.

Kafin a taɓa kowane setin sai da na duba bayan rautar sama. Kebul ɗin da ya taso daga ƙasa a ramin LAN, wato na jona kayan cikin gida, aka soka shi, ɗaya daga cikin guda huɗun nan da ke jere, ramin WAN kuma, wanda layin waje yake shiga, da yake ware da launi daban babu komai a cikinsa. Wannan shi kaɗai ba laifi bane, akwai tsarin da haka ake yi. Laifin shine an fito da ita daga kwali an jona ba tare da an canja mata komai ba in banda sunan waifai da faswod, to ita kuma daga masana'anta an saita ta a matsayin shugabar netwok, adireshinta 192.168.1.1, DHCP ɗinta, wato abin da yake raba wa na'urori adireshi, a kunne. Ta ƙasa ma haka take, 192.168.1.1, DHCP a kunne. Kebul daga LAN zuwa LAN kuwa yana maida su netwok guda ɗaya ne, ba biyu ba.

A laftof ɗin maigidan na buɗe Command Prompt lokacin da intanet ɗin ya ɗauke. ipconfig ya nuna adireshi 192.168.1.103, mask 255.255.255.0, getwe, wato ƙofar fita zuwa intanet, 192.168.1.1, komai tsaf, duk wanda ya kalli wannan zai ce ba matsala. ping, wato umarnin taɓa adireshi a ji ko zai amsa, zuwa 192.168.1.1 yana amsawa nan take. ping 8.8.8.8, wani adireshi da ke can waje a intanet, kuwa shiru, sai Destination net unreachable. Wato dai ƙofar fita tana amsawa amma bata fitar da kowa. Sai na rubuta arp -a, wannan yana nuna maka teburin da kwamfuta take ajiye wa na cewa adireshin IP kaza yana hannun na'ura mai lambar MAC kaza, wato lambar shaidar da na'urar ta zo da ita daga masana'anta, na kwafi lambar da ke gaban 192.168.1.1 a takarda, na juya rautar sama na duba sitikar da ke ƙarƙashinta, lambar ta yi daidai da tata. Muka sauka aka kashe ta ƙasa aka kunna kamar yadda suka saba, intanet ya dawo, na sake arp -a, lambar MAC ɗin ta canja ta koma ta rautar ƙasa. Adireshi ɗaya, na'ura biyu.

Ga abinda yake faruwa a ƙasan abin. Duk lokacin da waya ko kwamfuta zata aika saƙo sai ta fara duba adireshin inda saƙon zai je ta gwada shi da mask. Mask 255.255.255.0 yana nufin lambobi ukun farko sunan netwok ne, ta huɗun ita ce lambar na'urar, shi yasa ake samun guri 254, daga 1 zuwa 254, don 0 sunan netwok ɗin ne kansa 255 kuma ta shela ce ga kowa. Idan ukun farko sun yi daidai da nata, to ɗan gida ne, kai tsaye zata miƙa masa. Idan basu yi daidai ba kamar 8.8.8.8, sai ta miƙa wa getwe ta ce kai ka san hanya. Amma a kan kebul da waifai ba da IP ake miƙa saƙo hannu da hannu ba, da MAC ne, don haka sai ta yi shela ta ARP tana tambaya wa ke da 192.168.1.1, a gidan nan kuma murya biyu ce take amsawa. Kamar ƙofa biyu ne masu lamba ɗaya, ɗaya tana fita titi ɗaya kuma in ka buɗe bango zaka tarar, tunda ramin WAN na rautar sama fanko ne bata da inda zata kai saƙon. Wadda amsarta ta zauna a teburin wayar ita ce zata karɓi duk saƙonnin wayar har sai teburin ya sabunta, shi yasa waya biyu a kujera ɗaya, ɗaya tana kallon bidiyo ɗaya tana juyi. Kashewa da kunnawa kuma yana yin aiki na ɗan lokaci ne saboda na'ura idan ta tashi takan yi shelar adireshinta da MAC ɗinta, kowa ya gyara teburinsa ya koma kanta, har sai ɗayar ta sake cin zaɓe.

Maganar kyamara kuwa tushenta kusa da wannan ne amma ba shi bane daidai. Wanda ya saka kyamarorin ya rubuta wa rikodar adireshi da hannu, 192.168.1.105, kuma hakan daidai ne don rikoda bai kamata tana yawo daga adireshi zuwa adireshi ba. Sai dai duka rautocin biyu suna raba adireshi ne daga 100 zuwa sama, kuma babu wadda aka gaya wa cewa 105 yana da mai shi. Da rana gida ba mutane, ba a kai wa 105. Da yamma kowa ya dawo, wayoyi sun hau, sai wata a bata 105, ita da rikoda su hau kokawa. Wasu rautocin sukan ɗan taɓa adireshi su ji ko da mai shi kafin su bayar, amma ba duka ba, kuma ko da suna yi, sabar DHCP biyu da basu san da juna ba suna rabon abu ɗaya dole a samu karo. Ƙari a kan haka, tun daga Android 10 da iOS 14 wayoyi suna ƙirƙirar MAC na daban ga kowane sunan waifai, to wayar da take hawa na ƙasa ta kuma hau na sama a idon DHCP waya biyu ce, adireshi biyu take ci.

Ɗan maigidan, wanda shi ne ɗan fasahar gidan, ya ce ai shi ya taɓa gano cewa a WAN ya kamata kebul ɗin ya shiga, ya mayar da shi can, sai ƙasa ta gyaru sarai amma sama ta mutu murus, Baba ya yi faɗa shi kuma ya mayar yadda ya same shi. Yaron ya yi rabin daidai ne. Da ya saka a WAN, rautar sama ta roƙi adireshi daga ta ƙasa aka bata 192.168.1 da wani abu, a cikin gidanta kuma ita ma 192.168.1 take amfani da shi, sai ya zama tana ganin netwok ɗaya a gabanta da bayanta. An ce mata getwe ɗinki 192.168.1.1, ta duba taga ai ita ce 192.168.1.1. Ina zata kai saƙon? Akwai rautocin da suke gane wannan karon su canja nasu adireshin da kansu, wannan dai bata cikinsu.

To daga nan hanya biyu ce. Ta farko ita ce mafi sauƙi kuma ita nake ba yawancin mutane shawara: a sauke rautar sama daga shugabanci ta zama mai faɗaɗa waifai kawai. A canja adireshinta zuwa 192.168.1.2, a kashe DHCP ɗinta, a bar kebul a LAN yadda yake, ko in tana da zaɓin Access Point a wajen Operation Mode a danna shi ya yi maka duka. Gida ya zama netwok ɗaya, mai rabon adireshi ɗaya, ƙofar fita ɗaya, kowa yana ganin kowa, firinta tana fitowa a kowace waya ba tare da an yi komai ba. Aikin minti kaɗan ne.

Maigidan bai yarda ba, kuma dalilinsa mai ƙarfi ne. Ya ce, Malam ni fa kalmar kowa yana ganin kowa ɗin nan ce bata kwanta min ba, akwatin nan takardun mutane ne a ciki, yaran nan kuma duk abokin da ya zo sai sun bashi faswod. Gaskiyarsa. Don haka muka ɗauki hanya ta biyu, a bar ta sama a matsayin cikakkiyar rauta amma da netwok nata daban.

Na zare kebul ɗin da ya taso daga ƙasa tukuna, wannan matakin kada a tsallake shi, in ba haka ba baka san shafin wace rauta kake canjawa ba. Na jona laftof kai tsaye da rautar sama, na shiga 192.168.1.1, yanzu ita kaɗai ke amsawa. A wajen LAN na canja adireshinta zuwa 192.168.20.1, mask ɗin na barshi 255.255.255.0. Da ka danna Save shafin zai tsaya cak kamar ya mutu, ba lalacewa ya yi ba, adireshin da kake magana da shi ne ya daina wanzuwa, sai ka yi ipconfig /release sannan ipconfig /renew ko ka zare kebul ka mayar, laftof ta karɓi sabon adireshi, ka shiga ta 192.168.20.1. Me yasa 20? Ba wani sirri, duk lamba daga 0 zuwa 255 zata yi a wannan gurbin in banda 1 da rautar ƙasa take kai, tunda 192.168 gaba ɗayansa yana cikin rukuni ukun da takardar RFC 1918 ta ware tun 1996 don amfanin cikin gida, sauran biyun su ne 10 da kuma 172.16 zuwa 172.31. Na guji 0 da 1 da 8 ne kawai saboda su ne masana'antu suka fi sakawa, ranar da aka canja rautar ƙasa ko aka jona ƙaramin modem na sim ko ya shiga VPN na wajen aiki kar a sake karo.

DHCP na sama na saita shi daga 192.168.20.100 zuwa 192.168.20.199. A ɓangaren WAN maimakon ta roƙi adireshi sai na rubuta mata da hannu, 192.168.1.2, mask iri ɗaya, getwe 192.168.1.1, DNS, mai fassara sunan shafi zuwa adireshi, shi ma 192.168.1.1. Sannan kebul ya koma ramin WAN. A ƙasa kuma na tabbatar rabon yana farawa daga 100 ya tsaya 199, na shiga menun rikoda na ɗauke ta daga 105 na kaita 192.168.1.10, inda DHCP baya kaiwa. Tsarin da nake bi kenan a ko'ina, daga 2 zuwa 99 na kayan da basa motsi ne, daga 100 na masu shigowa su fita. Akwatin ajiya ya samu 192.168.20.10, firinta 192.168.20.20.

Gwaji: tracert 8.8.8.8 daga laftof, umarnin da yake jero rautocin da saƙo ya bi, ya nuna tsallake na farko 192.168.20.1, na biyu 192.168.1.1, daga nan sai hanyar kamfani. arp -a a ƙasa ya daina rawa. Daga laftof a sama na rubuta 192.168.1.10 shafin rikoda ya buɗe. Daga wayar ƙasa na nemi akwatin ajiya, babu shi babu alamarsa. Maigida ya ji daɗi.

Sai uwargida ta ce to ita fa firinta? Takan buga takardu daga wayarta tana ƙasa, yanzu firinta ta ɓace.

A nan ne maganar ta koma kan hanya, ba adireshi ba, kuma nan ne nake ganin mutane suka fi ruɗewa. Kowace rauta tana da teburin hanyoyi. Ta sama yanzu ta san abu uku, 192.168.20.0 yana ɓangaren LAN ɗina, 192.168.1.0 yana ɓangaren WAN ɗina, duk abinda ba waɗannan ba, wato layin da ake rubutawa 0.0.0.0, a miƙa wa 192.168.1.1. Ta ƙasa kuwa abu biyu kawai ta sani, 192.168.1.0 nawa ne, sauran duniya a miƙa wa kamfani. Bata taɓa jin labarin 192.168.20.0 ba. Idan wayar uwargida ta ce tana son 192.168.20.20, ukun farko basu yi daidai da nata ba, sai ta miƙa wa getwe, getwe ya duba teburi bai ga komai ba sai layin sauran duniya, ya cilla saƙon waje, can kuma adireshin cikin gida ba inda zashi, a zubar. To me yasa daga sama ake ganin ƙasa? Saboda NAT. Saƙon laftof idan zai fita daga rautar sama ana goge 192.168.20 ɗinsa a manna 192.168.1.2, rikoda tana ganin kamar maƙocinta ne na ƙasa yake mata magana, ta bashi amsa, rautar sama ta duba rajistarta ta mayar wa laftof. Na ciki yana iya fara magana da na waje, na waje ba zai iya farawa ba.

Ɗan maigidan ya ce ai ya gani ana cewa static route ne maganin wannan, sai na ce to mu gwada ka gani da idonka. A rautar ƙasa, ƙarƙashin Advanced akwai wajen Static Routing, gurbi uku ake cikewa: inda za a je 192.168.20.0, mask 255.255.255.0, getwe 192.168.1.2. Ma'anarsa duk saƙon da ya nufi unguwar 20 kar a kai shi waje, a miƙa wa rautar sama. Kuma wannan layin yana rinjayar na 0.0.0.0 saboda ƙa'idar ita ce layin da ya fi fayyace wuri shi ake bi. Dalilin da yasa tun farko na rubuta 192.168.1.2 da hannu kenan, in da DHCP ne ya bata, ranar da ya canja mata lamba hanyar zata nuna inda ba kowa.

Aka ajiye, aka yi ping 192.168.20.20 daga ƙasa. Shiru. Saƙon yana isa bakin rautar sama yanzu kam, amma ita a wajenta duk abinda ya shigo ta WAN ba tare da wani na ciki ya nema ba baƙo ne daga intanet, katangar tsaronta sai ta yar da shi. Hanya kaɗai bata isa ba, sai an kashe NAT da katangar a rautar sama, kuma ba kowace rautar gida ce take ba da damar kashe NAT ba, wannan an yi sa'a tana da maɓallin. Muka kashe, ping ya fara amsawa. Abu ɗaya da ya kamata a duba nan take bayan haka shine ko intanet na sama yana nan, don yanzu saƙonni suna isa rautar ƙasa da adireshinsu na asali na 192.168.20, akwai rautocin da basa yi wa kowane netwok NAT sai nasu na kansu, a irin waɗannan sama zata rasa intanet gaba ɗaya. Wannan dai ta yi musu NAT ɗin, intanet na sama yana nan.

Duk da haka firinta bata fito a jerin wayar ba. Wayoyi suna gano firinta da talabijin ne ta mDNS, shela ce da ake yi zuwa 224.0.0.251 a fot 5353, an tsara ta ne kar ta wuce netwok ɗin da aka yi ta, rauta bata tsallakar da ita ko da akwai static route goma. Sai dai a saka firintar da hannu ta adireshinta, a kwamfuta abu ne mai sauƙi, a waya kuwa ya danganta da manhajar. Haka idan kana gwada irin wannan da kwamfutar Windows kada ka yanke hukunci da ping kaɗai, katangar Windows takan amsa wa ɗan netwok ɗinta ta yi banza da wanda ya zo daga wani, sai ka ɗauka hanyar ce bata yi ba alhali ta yi.

Abinda ya kashe maganar shine na ce wa yaron ya rubuta 192.168.20.10 a brauzar wayarsa yana ƙasa. Shafin shiga akwatin ajiyar mahaifinsa ya fito ɓaro ɓaro. Hanyar da aka buɗe wa firinta ta buɗe wa duk unguwar ne, ita bata san firinta ba bata san akwati ba. Za a iya matse layin ya nuna adireshi ɗaya tak da mask 255.255.255.255, amma wannan ba tsaro bane, da katanga a kashe duk wanda ya san abin zai iya rubuta hanyar a kwamfutarsa ya wuce kai tsaye ta 192.168.1.2. Mun koma inda hanya ta farko zata kai mu, kowa yana ganin kowa, sai dai da ƙarin wahala kuma ba gano na'ura ta atomatik. A ra'ayina static route a gida yana da amfani ne idan kana son netwok biyu su yi magana da juna sosai, ko kana da rautar da zaka iya rubuta mata dokokin wa zai wuce wa ba zai wuce ba. In burinka katanga ne to kishiyar abinda kake so yake yi.

Don haka aka mayar da NAT da katangar tsaro, aka goge layin a rautar ƙasa. Tambayar da ta rage mai sauƙi ce, wa yake buƙatar isa ga me. Firinta kowa yana so, akwati maigida kaɗai. To firinta bata da abin yi a netwok na sama. Ba a ɗaga ta daga teburinta ba ma, tana da waifai kuma siginar ƙasa duk da rauninta a ɗakin tana isarta, buga takarda baya cin wani ƙarfi, sai aka cire ta daga waifai na sama aka haɗa ta da na ƙasa, a rautar ƙasa kuma na ɗaure MAC ɗinta da 192.168.1.20 ta wajen Address Reservation don kullum wannan lambar zata riƙa samu. Na fi son ɗaurewa a rauta a kan rubutawa a jikin firinta, don menun firinta da ƙananan maɓallan nan azaba ne, kuma duk lissafin yana zama a shafi ɗaya. Wayoyin ƙasa suka ganta nan take. A laftof ɗin maigida da ke sama kuma aka ƙara ta da hannu ta TCP/IP aka rubuta 192.168.1.20, ta buga shafin gwaji, tunda na ciki yana iya fara magana da na waje.

Saura maganar kallon kyamara daga wajen gida, wadda maigidan ya taso da ita da yaga abubuwa suna tafiya, yana so a buɗe fot, wato a bar wata ƙofa a rauta da za a iso rikodar ta nan daga waje. Na duba adireshin WAN na rautar ƙasa naga ya fara da 100.72. Daga 100.64 zuwa 100.127 rukuni ne da aka ware a 2012 don kamfanonin intanet su riƙa tara kwastomomi da yawa a bayan adireshin waje guda, ana ce masa CGNAT. Ma'ana akwai wani NAT ɗin a can wajen kamfani wanda ba a hannunka yake ba, duk fot ɗin da ka buɗe a gida ba wanda zai iso shi daga waje. Ko dai ya nemi kamfanin su bashi adireshin waje nasa na kansa, ko ya ci gaba da manhajar rikodar wadda ita take fita da kanta ta haɗu da sabar masu ita. Ya zaɓi na biyu, ni ma hankalina ya fi kwanciya da hakan a kan a bar shafin rikoda a buɗe ga duk duniya.

An kunna waifai na baƙi a rautar ƙasa don abokan yara, wanda yake ba da intanet kawai baya barin a taɓa rikoda ko firinta. An canja faswod ɗin shiga shafin rautocin biyu don dukansu na masana'anta ne a kai. Na rubuta adireshin kowace na'ura a takarda aka manna a gefen rautar ƙasa.

Tsarin yana da kuɗinsa da ake biya. Laftof ɗin sama yanzu tana bayan NAT biyu a cikin gida, na kamfani ya zama na uku, ga brauzin da imel da kiran bidiyo ba a jin komai, amma na'urar wasan gem ta yaron an ce kar ya kaita sama don wasannin intanet sukan yi ƙorafin irin wannan. Sunayen waifai biyun an barsu daban da gangan, in an basu suna ɗaya da faswod ɗaya waya zata riƙa tsallakawa tsakanin netwok biyu ba tare da mai ita ya sani ba, kuma faswod ɗin sama zai zama a hannun kowa. Sannan idan maigidan yana kan waifai na sama ba zai iya tura bidiyo daga wayarsa zuwa talabijin ɗin ƙasa ba, saboda mDNS ɗin nan dai, sai ya sauya zuwa waifai na ƙasa tukuna.